Kafin a Miƙa Tsintsiyar Gari ga Kamfani

Duk shekarar da damina ta kankama, ruwa ya kwanta a titunan Yamai, magudanai suka toshe a Maraɗi da Damagaram, sai wata tsohuwar magana ta sake tasowa a ofisoshin gwamnati da rumfunan kasuwa: wai ma'aikatun magajin gari sun gaza, a karɓe aikin shara daga hannunsu a damƙa shi ga kamfani na musamman, wanda ba shi da wata sana'a sai ita. Masu wannan ra'ayi ba su rasa hujja ba. A ƙarshen watan Agusta na 2024 ruwan sama ya yi ɓarna a Maraɗi har da asarar rayuka, kuma ko da yake ba wanda zai ɗora wa shara alhakin yawan ruwan da ya sauka, kowa ya ga inda ruwan ya nemi hanya ya tarar da ita cunkushe da leda da tsummoki. Cutar amai da gudawa da ta ɓulla a Madarunfa a 2018, ta kuma sake bazuwa a jihohi da dama a 2021, ita ma ba daga sama ta faɗo ba. Ɗan kasuwar da ake yanka wa tikiti kowace rana, alhali yana cin kasuwarsa a gindin juji, yana da haƙƙin ya tambayi inda kuɗinsa ke shiga.

Dokoki dai ba su yi ƙaranci ba. Tun watan Maris na 1993 aka kafa dokar tsabtar jama'a. A watan Satumba na 2010 aka fitar da kundin dokokin ƙananan hukumomi, wanda ya bar tsabtar gari a wuyansu, aka kuma ba birane huɗu matsayi na musamman: Yamai da Damagaram da gundumomi 5 kowannensu, Maraɗi da 3, Tawa da 2. A watan Nuwamba na 2014 aka haramta ƙerawa da shigowa da sayar da ledar nan maras kauri, wadda har yau ita ce ke lilo a kan kowace ƙaya ta bakin gari, ita ce kuma mahauta ke tararwa a tumbin awaki. An gwada canza mutane ma. An tuɓe Oumarou Dogari daga kujerar magajin garin Yamai a 2013, an tuɓe Assane Seydou a 2017, aka rusa majalisar birnin aka naɗa hukumar riƙo. Juji ya ga shigarsu ya ga fitarsu. Abin da aka ƙware a kai shi ne sharar biki: Maraɗi ta yi fes a Disamba 2015, Tawa a 2017, Damagaram a 2018, Yamai kuwa a Yuli 2019 lokacin taron ƙolin Tarayyar Afirka. Baƙi na juya baya, ƙasa ta koma ɗaukar kayanta.

Dalilin gazawar ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa leƙa kasafin kuɗin wata ma'aikatar magajin gari. Harajin gari da ya kamata kowane baligi ya biya, kaɗan ne ke shiga asusu, domin mai karɓa yana jin nauyin maƙwabcinsa, ɗan siyasa kuma yana tsoron ƙuri'arsa. Patanti da harajin gidaje gwamnati ce ke karɓa, ta riƙe a baitulmali, sannan ta mayar wa gari kasonsa lokacin da ta ga dama. Ɗan abin da ya samu isowa, albashi ne ke fara lashe shi, kuma cikin masu albashin akwai waɗanda katin jam'iyya ne ya kawo su, ba buƙatar aiki ba. Abin da ya rage shi ake raba wa gazuwal da gyara. Shi ya sa a harabar kusan kowace ma'aikatar magajin gari akwai manyan motocin da wani birni na Turai ko wata ƙasa aminiya ta bayar kyauta, an yi bikin karɓarsu da kiɗa da jawabai, yanzu suna zaune a kan duwatsu saboda rashin ƙafa biyu ko baturi.

A nan ne kamfani ke da abin faɗa, kuma adalci ne a saurare shi. Wanda ya sayi mota da kuɗinsa yana kula da ita. Yana da makanike, yana da ma'ajiyar kayan gyara, ya san sau nawa motar za ta yi sawu kafin rana ta faɗi, kuma ba ya jiran sa hannun mutum shida kafin ya sayi mai. Sannan aikinsa rubutacce ne a takarda, ana iya auna shi, a yanke masa kuɗi in ya gaza, abin da ba a taɓa yi wa wani ofishin hukuma ba. A Kamaru, kamfanin HYSACAM yana kwasar shara tun 1969, ya fara da Duwala, ya haɗa da Yawunde da wasu garuruwan, kuma ba wanda ke musun cewa ya san aikinsa. To amma a can ɗin ma, duk lokacin da gwamnati ta tara masa bashi, motoci kan ragu a titi, juji ya dawo mahaɗar hanyoyi. Kamfani yana da ƙwarewa, ba shi da injin buga kuɗi.

Wannan shi ne darasin da Bamako ta saya da tsada, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba birnin da ya fi kama da Yamai kamarta: kogi ɗaya, kuɗi ɗaya, talauci iri ɗaya. A 2014 hukumomin Mali suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Ozone na ƙasar Maroko, ya kama aiki a farkon 2015, a kan kuɗin da ya kai kimanin miliyar 9 na sefa a shekara. Watannin farko an ga abin da ba a saba gani ba: sababbin motoci, ma'aikata cikin tufafin aiki iri ɗaya, manyan tituna a share tun da asuba. Ƙananan ƙungiyoyin matasa da suka shekara da shekaru suna bin gida gida da amalanken jaki, aka ture su gefe, ba a san matsayinsu a sabon tsarin ba. Ba a daɗe ba biya ya fara tangal-tangal. Gari ba shi da miliyar 9, gwamnatin da aka sa ran za ta cike giɓin tana da yaƙi a arewa da albashin da ke jiranta kowane ƙarshen wata. Bashi ya taru har ya ninka kuɗin shekara, ma'aikatan kamfanin suka shiga yajin aiki suna neman haƙƙinsu, wuraren tara shara na wucin gadi a unguwannin Lafiabougou da Médina-Coura suka zama duwatsu, domin babban jujin da aka tanada a Noumoubougou, can wajen gari, bai kankama yadda aka tsara ba. Daga ƙarshe aka raba gari, aikin ya koma hannun ma'aikatar magajin gari da ƴan amalanken nan da aka raina, ga kuma bashi a wuyan jama'a. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ma'aikacin gwamnatin Nijar da ya rayu cikin shekarun 1990 ba ya buƙatar a fassara masa kalmar bashin albashi. Ya san yadda wata ke bin wata ba a ga komai ba, ya san yadda karyewar darajar sefa a Janairu 1994 ta ninka farashin duk abin da ake shigowa da shi daga waje. Ɗan kasuwar da ya taɓa kai wa hukuma kaya bashi shi ma ya san tsawon zaman benci a ƙofar baitulmali. Motar shara, da ƙafafunta, da kayan gyaranta, duk daga waje suke zuwa. Hukumar da ta kasa saya wa motarta gazuwal na jikka ɗari, ta wace hanya za ta biya faktir ɗin miliyoyi kowane wata, har da ribar mai kamfani a ciki?

Dakar ta ba da wani darasin na daban. Tun 1971 take sauya hannu: kamfanin SOADIP, sai SIAS a shekarun 1980, sai aka koma ga hukumar birni da ƙananan ƴan kwangila, sai kamfanin AMA mai tushe a Italiya wanda aka soke kwangilarsa a 2006, har zuwa 2022 da gwamnati ta kafa kamfanin ƙasa mai suna SONAGED. Sunaye sun yi ta canzawa a jikin motoci, motocin kuwa duk hanya ɗaya suke bi, zuwa jujin Mbeubeuss da aka buɗe tun 1968. Akwai kuma abin da ya faru a 2015, lokacin da gwamnatin Senegal ta janye aikin daga hannun gamayyar ƙananan hukumomin Dakar ta mayar da shi ƙarƙashin wani ofishinta, a daidai lokacin da magajin garin, Khalifa Sall, ke zama ƙaya ga masu mulki. Ko mene ne dalilin da aka bayar, kowa ya fahimci cewa shara kasafi ce mai kauri da guraben aiki masu yawa, kuma wanda ya riƙe ta ya riƙe wani yanki na ikon gari. Duk inda aka ce za a raba magajin gari da tsintsiya, yana da kyau a duba hannun da za ta faɗa.

Ba sai an je nesa ba ma. A Legas an kawo kamfanin Visionscape a 2017 aka ture ƙananan ƴan kwasa, birnin ya cika da shara, aka dawo da tsohon tsari. A Kano, wadda fataken Maraɗi da Damagaram suka sani kamar tafin hannunsu, gwamnatin jiha ta miƙa aikin hukumar REMASAB ga wani kamfani a 2021, ba a je ko'ina ba aikin ya dawo hannun hukuma.

Masu goyon bayan kamfani kan kawo misalin ruwan famfo, kuma misali ne na gida. A 2001 aka raba tsohon kamfanin ruwa gida biyu: SPEN ta riƙe kadarori a madadin ƙasa, SEEN mai hannun jarin Faransawa ta riƙe rarrabawa da karɓar kuɗi, aka tafi a haka sama da shekara 20 kafin aikin ya koma hannun kamfanin ƙasa a farkon 2024. Ko masu sukar wannan tsari sun yarda cewa kuɗi na shiga. Sai dai sirrin ba a ƙwarewar Bature yake ba, a ƙofar gida yake: ruwa yana da na'urar awo, wanda bai biya ba a datse masa, kuma ƙishirwa ba ta bari a yi taurin kai. Shara ba ta da wannan makami. In aka daina ɗaukar ta wanda ya ƙi biya, sai ya jira dare ya aiki yaro ya juye ta a magudanar ruwa, sauron da zai tashi daga nan kuwa ba ya tambayar wa ya biya wa bai biya ba. Saboda haka kwasar shara ba za ta taɓa ɗaukar nauyin kanta ta hanyar ciniki tsakanin kamfani da magidanci ba, sai dai a unguwannin masu hali kamar Plateau. Sauran gari, dole kuɗin ya fito daga haraji. Wanda kuma ke ganin sayar wa ɗan kasuwa maganin kowace cuta ne, ya tuna SONITEL, da aka sayar a 2001 aka dawo da ita hannun ƙasa a 2012.

Tun da haraji ne, sai a faɗi wanne, kuma a faɗa tun kafin a sa hannu. Kamaru ta ɗora wani ɗan kaso a kan kayan da ake shigowa da su daga waje tun 2019, domin biyan kwasar shara. A Abijan ana karɓar wani ɓangare ta takardar kuɗin lantarki. Kowace hanya tana da wanda take cizo. In ta kwastan ce, ɗan kasuwa ne zai fara biya, ya juye wa mai saye, har da mutumin ƙauye da motar shara ba za ta taɓa zuwa ƙofarsa ba. In ta takardar NIGELEC ce, ma'aikaci da mai shago da mai injin niƙa ne za su ɗauki nauyin unguwannin da ba su da wuta. Ana iya kare kowace daga cikinsu, amma ba daidai ba ne a ɓoye wa mutane cewa su ne za su biya, a bar su su gano haka a jikin faktir. Kuma kuɗin da aka karɓa da sunan shara, in ya bi ta babban asusun baitulmali, ya shiga kogin da ba a gane ruwan wa da wa. Sai an keɓe masa asusu nasa, wanda ba ministan da zai taɓa shi ranar da albashi ya matse.

Akwai wani abu da masu zana kwangila a ofis mai sanyi kan manta, wanda kowace matar gida ta sani. Sharar garuruwan nan ba irin ta Paris ba ce. Babban kasonta, in aka ɗora a ma'auni, rairayi ne da toka da kashin dabbobi, domin tsakar gida ƙasa ce kuma ana share ta safe da yamma. In aka ce za a biya kamfani bisa nauyin abin da ya kwasa, kamar yadda aka saba, to an ba shi lasisin sayar wa gari ƙasarsa: mota za ta cika da rairayi ta hau ma'auni, ledar da ke toshe magudana kuwa, da yake ba ta da nauyi, a bar ta inda take. Motocin nan masu matse shara da ake yi wa talla, rairayi yana cinye ƙarfensu, kuma ba za su shiga lungunan Birni da Zango na Damagaram ba, balle unguwannin bakin gari da ba a yanka musu titi ba. A waɗannan wurare amalanke da kura ne sarakai, kuma za su ci gaba da sarauta ko da wane ne ya ci kwangila.

Wannan ya kawo maganar mutanen da ke ci daga juji. Akwai samarin da ke bin gidaje ana ba su abin da aka daidaita a wata. Akwai masu tsintar ƙarfe da gwangwani da robobi, waɗanda daga hannunsu maƙeran kasuwar Katako ke samun abin narkawa su zuba tukwane. Akwai manoman kewayen gari da ke ɗibar ruɓaɓɓiyar shara su kai gona a matsayin taki. Ba wanda ya ɗauke su aiki, ba kuma wanda ke biyansu daga asusun gari, amma da za su ajiye aiki mako guda da an ji a jika. Kwangilar da ta ba kamfani shara dukanta, ta mai da waɗannan mutane masu laifi a sana'arsu. In kuwa aka ce kamfanin zai ɗauke su, sai a duba abin da ya faru a Gana, inda gwamnati ta riƙa ware sidi 850 a wata ga kowane mai sharar titi ta hannun kamfanin Zoomlion, mai tsintsiyar yana karɓar 250 kawai, har sai da aka ƙi sabunta wannan kwangila a 2025. Ladan mai shara, in ba a rubuta shi ƙarara a cikin takarda ba, ɗan tsakiya ne ke cinye shi.

Sai kuma inda za a kai ta. Kwasa ba ta da amfani in ba wurin zubarwa, kuma ba kamfanin da zai zo da fili a aljihunsa. Abin da aka saba shi ne a cika tsofaffin kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, bayan ƴan shekaru a yanka fegi a kai a sayar, ruwan da kududdufin ke tarewa ya rasa masauki ya shiga ɗakunan mutane. Ware fili nesa da rijiyoyi, da biyan masu gonaki diyya, da shimfiɗa hanyar da mota za ta bi ko da damina, duk aikin hukuma ne, kuma shi ya kamata ya riga kwangila. Bamako ta yi akasin haka.

Abin da ya fi kowanne nauyi a halin da ake ciki shi ne wanda zai sa hannu. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na Yuli 2004, talaka ya fara sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa: kansilan unguwarsu, wanda yake haɗuwa da shi a masallaci da wurin suna, wanda kuma zai dawo neman ƙuri'a. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun nan aka naɗa kantomomi. Kantoma yana iya zama mai himma, wasu ma sun nuna ta, amma amanarsa tana ga wanda ya naɗa shi, kuma zamansa na riƙo ne. Kwangilar shara kuwa, saboda tsadar motoci, ba a yin ta ƙasa da shekaru masu yawa. Ta Bamako shekara 8 aka yanka mata. In mai riƙo ya ɗaure gari na tsawon wannan lokaci, duk wanda jama'a za su zaɓa nan gaba zai tarar an riga an kashe rabin kasafinsa kafin ya zauna, kuma in mai unguwa ya kawo masa kuka sai ya ce ba shi ya sa hannu ba, kamfani ya ce ba a biya shi ba, minista ya ce maganar gari ce. Mutum uku ke nan, ba wanda za a kama.

Ba a ce kada a gwada ba. A gwada a gunduma ɗaya, ko a manyan kasuwanni da tashoshin mota inda kuɗin tikiti ke shiga kullum kuma ake iya ganin sakamako da ido, na shekara 2 ko 3, bayan an yi gasa a fili tsakanin masu nema, har da ƴan ƙasa. Ikon mallakar aikin ya zauna a hannun gari, kamfani ya zama ɗan aikinsa. A auna biya da tsabtar titi da buɗewar magudanai kafin ruwan farko, ba da nauyin mota ba, kuma kada baitulmali ya saki ko dala sai wakilan ƴan kasuwa da masu unguwanni sun shaida an yi aikin. Takardar kwangilar kuma, da adadin kuɗinta da sunayen masu hannun jari a kamfanin, a buga ta a jarida, a karanta ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci, a manna kwafinta a ƙofar ma'aikatar magajin gari wata guda cur kafin ranar sa hannu.